Katin girafik biyu ba ya ninka gudun wasa

Har yanzu a wajen masu haɗa kwamfutar wasa a Gombe ana cewa in ka sa katin girafik (na'urar da ke zana hotunan wasa a kwamfuta) guda biyu, gudu zai ninka, ma'ajiyar hoto kuma ta haɗu. Ba haka ba ne. A tsarin SLI na kamfanin Nvidia da CrossFire na kamfanin AMD, wato hanyoyin haɗa kati biyu su yi aiki tare, katunan karɓa-karɓa suke yi wajen zana hotuna, don haka kowanne sai ya riƙe kwafin bayanai iri ɗaya. Kati biyu masu 8GB, 8GB ɗin nan dai wasan zai gani. Hotunan kuma ba sa fitowa da tazara ɗaya, sai ka ga motsi yana sarƙewa ko da lambar FPS, wato yawan hotuna a daƙiƙa ɗaya, ta hau.

Tun farkon 2021 Nvidia ta daina fitar da sabbin saitunan SLI, katinta na RTX 4090 ma ba shi da NVLink, mahaɗin da ake jona kati biyu da shi.

Ga cin wuta ga zafi. Katin sama iskar na ƙasa yake shaƙa, a zafin Afrilu sai ya rage gudu da kansa, inbata kuma ta sha nauyi. Mai aiki da Blender, manhajar zanen 3D, zai amfana da kati biyu. Mai wasa ya haɗa kuɗin ya sayi kati ɗaya mai ƙarfi.