Hotunan da suka zama mallakar jama'a

Hoton da ya zama mallakar jama'a shi ne wanda babu sauran wani mutum ko kamfani da ke riƙe da haƙƙin mallakarsa, wato kowa na iya kwafarsa, ya buga shi a littafi, ya sa shi a furojet ɗin makaranta, ya yanke shi ko ya canza masa launi, kai har ya sayar ma in ya ga dama, ba sai ya nemi izinin kowa ba kuma ba sai ya biya ko sisi ba. Hoto na kaiwa wannan matsayi ne ta hanya uku: ko dai wa'adin da doka ta ba mai shi ya ƙare, ko shi mai shin ya yafe haƙƙinsa da kansa, ko kuma tun asali doka ba ta ba irin wannan aikin kariya ba, kamar hotunan da ma'aikatan gwamnatin tarayyar Amurka suka ɗauka a bakin aikinsu, shi ya sa ma hotunan duniyar wata na hukumar NASA suke ko'ina. Abin da ba ya cikin hanyoyin nan uku, kuma nan ne yawancin ɗalibai ke yin tuntuɓe, shi ne ganin hoto a Google ko a Facebook. Hoto a intanet kamar kayan da mai shago ya baje a bakin titi ne, ganinsa a waje ba ya nufin sadaka ne.

Yadda wa'adi ke ƙarewa

Dokar haƙƙin mallaka ta farko irin ta zamani an yi ta ne a Ingila a 1710, lokacin Sarauniya Anne, kuma shekara 14 kacal ta ba marubuci, in yana raye a ƙara masa wasu 14. Daga nan wa'adin ya yi ta tsawo. Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda kusan duk ƙasashen duniya suka shiga yanzu (Nijar ta shiga a 1962, Najeriya sai a 1993), ta kafa ƙa'idar da ta fi komai muhimmanci a nan: ba sai an yi rajista ba, ba sai an manna alamar © ba, da zarar ka danna kyamara ka ɗauki hoto to naka ne. Don haka rashin ganin suna ko alama a jikin hoto ba hujja ba ce.

A Najeriya dokar da ke aiki yanzu ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin wadda ta samo asali daga dokar soja ta 1988, kuma Hukumar Kula da Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, NCC, ce ke kula da ita. Rubutu da waƙa da zanen hannu suna da kariya duk tsawon rayuwar mai su da ƙarin shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu. Misali mai sauƙi: Abubakar Imam ya rasu a 1981, to Magana Jari Ce ba zai fita ba sai ranar 1 ga Janairun 2052, duk da cewa fayil ɗinsa na yawo a guruf-guruf na WhatsApp kamar ba mai shi. Hoton kyamara kuwa lissafinsa daban ne, shekara 50 ne daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da shi ga jama'a, ba ruwan lissafin da ranar mutuwar mai ɗauka. Wannan bambanci na rikita mutane sosai domin a Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai hoto ma shekara 70 ne bayan mutuwar mai ɗauka, a Meziko kuma har shekara 100. Ke nan hoton hawan dabar da aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, in a jaridar gida aka fara buga shi wa'adinsa a Najeriya ya daɗe da wucewa, amma in Bature ne ya ɗauka ya je ya buga a Landan kuma bai rasu ba sai wajen 1990, to a can jikokinsa ko kamfanin da ya saye hotunansa na nan riƙe da shi.

Amurka kuma nata salon daban, tsofaffin ayyukan da aka buga shekara 95 ne daga ƙarshen shekarar bugawa, shi ya sa kowace ranar 1 ga Janairu ake murnar fitowar ayyukan shekara guda, kamar yadda Mickey Mouse na farko, na 1928, ya fita a farkon 2024. Dokar Amurka ta shafi ɗalibin da ke Zariya ko Maraɗi ne saboda manyan rumbunan intanet da yawa a can kwamfutocinsu suke.

Hoton Kano daga kan Dala

Akwai wani zane da kusan duk mai sha'awar tarihin Kano ya taɓa cin karo da shi, garin a shimfiɗe da gidajen ƙasa da dogayen itatuwa nan da can kamar yadda ake hango shi daga kan dutsen Dala. Asalinsa daga littafin tafiye-tafiyen Heinrich Barth ne, Bajamushen nan da ya shigo Kano a watan Fabrairun 1851, aka buga littafin a 1857, kuma wani mai zane Johann Martin Bernatz ne ya gyara zanen daga abin da Barth ya zayyana a hanya. Barth ya rasu a 1865, Bernatz a 1878, don haka ta kowace doka aka auna wannan zane na kowa ne. To amma sai ka je wani shafin sayar da hotuna ka tarar da shi an lafta masa tambarin kamfani daga wannan kusurwa zuwa waccan ana neman daloli, ko ka gan shi a wani shafin tarihi na Facebook an rubuta sunan shafin ɓaro-ɓaro a tsakiyarsa har da gargaɗin kada wanda ya ɗauka. Tambari ba ya mayar da abu naka. Abin da kamfanin ke sayarwa shi ne kwafinsa mai kyau, ba haƙƙi ba, kuma wanda ya samo nasa kwafin daga littafin da aka yi wa sikanin a rumbun intanet na Internet Archive ba wanda ke binsa bashi.

Tambayar da ta daɗe ana ja-in-ja a kanta ita ce ko shi wanda ya yi sikanin ɗin, ko ya ɗauki hoton tsohon zanen, ya samu sabon haƙƙi. Wata kotu a New York ta ce a'a a 1999, a shari'ar Bridgeman da kamfanin Corel, dalilinta shi ne kwafin da burinsa kawai ya yi kama da na asali ba shi da wata ƙirƙira a cikinsa komai wahalar da aka sha. Gidajen tarihi na Birtaniya sun daɗe ba su yarda da wannan ba, a 2009 gidan hotuna na National Portrait Gallery da ke Landan ya aika wa wani ɗan sa-kai na Wikipedia, Derrick Coetzee, takardar lauya saboda ya kwashi hotuna sama da 3,000 daga shafinsu ya zuba a rumbun hotuna na Wikimedia Commons, maganar dai ba ta kai gaban alƙali ba kuma hotunan na nan. Tarayyar Turai ta rufe bakin zancen a dokarta ta 2019 inda ta ce kwafin zanen da ya riga ya fita shi ma a fice yake. Amma fa wannan na abu mai shimfiɗaɗɗiyar fuska ne, takarda ko allon zane. Wanda ya ɗauki hoton kan mutum-mutumin Nok ko ƙofar Gidan Makama ya zaɓi haske da kusurwa, hotonsa nasa ne ko da abin da ya ɗauka ya shekara dubu biyu. Haka ma fassara, waƙoƙin Nana Asma'u da ta rasu a 1864 na kowa ne, amma fassarar da Jean Boyd da Beverly Mack suka fitar a 1997 tana da masu ita.

Lasisin Creative Commons

Tsakanin hoton da aka kulle da wanda ya zama na kowa akwai wani rukuni, shi ne na masu lasisin Creative Commons, ƙungiyar da Lawrence Lessig da abokansa suka kafa a Amurka a 2001, lasisin farko ya fito a ƙarshen 2002. A nan mai hoto bai saki haƙƙinsa ba, ya dai ba da izini tun gaba bisa sharaɗi. Alamar BY na nufin a ambaci sunansa, SA na nufin in ka gyara ka fitar to ka sake shi da irin lasisin, NC ban da kasuwanci, ND kuma kada a canza komai. CC0 da ya zo a 2009 shi ne na wanda ya yafe gaba ɗaya. Wanda ya ɗauki hoto mai alamar BY ya sa a mujallar sashe bai rubuta sunan mai shi ba ya karya sharaɗi, ya koma daidai da wanda bai da izini tun farko.

Rumbunan intanet

Wikimedia Commons da aka buɗe a watan Satumbar 2004 shi ne wanda masu rubutu a Wikipedia ta Hausa suka fi sani, fayilolinsa sun haura miliyan 100, kuma yana da tsauri, ba ya karɓar NC ko ND, sannan dole hoto ya zama a sake yake a ƙasar da ya fito da kuma Amurka, abin da ke sa wani lokaci a goge hoton da a dokar Najeriya ba shi da matsala. Internet Archive na Brewster Kahle tun 1996 yake, can ne ake samun littattafan Turawan da suka ratsa ƙasar Hausa da ƙamusoshin farko an yi musu sikanin shafi-shafi. Laburaren Birtaniya ya zuba hotuna sama da miliyan ɗaya daga tsofaffin littattafai a shafin hotuna na Flickr a 2013, gidan tarihi na Met a New York ya saki wajen 375,000 ƙarƙashin CC0 a 2017, cibiyar gidajen tarihi ta Smithsonian ta biyo da miliyan 2.8 a 2020. Ba duk abin da ke cikin rumbu ne na kowa ba, da yawa an buɗe su ne don a duba a yi bincike kawai. Shirin ceto ma'adanan da ke cikin haɗari da Laburaren Birtaniya ke gudanarwa tun 2004 misali ne, yana ɗaukar hoton tsofaffin rubuce-rubuce a inda suke, ciki har da na Yammacin Afirka, ya bar wa iyalan takardunsu, kuma sharaɗin amfani da hotunan daban yake da na Commons.

Inda ɗalibai ke haɗuwa da batun

Galibi ba a aji ake fara koyon wannan ba, sai ranar da ɗalibi ya loda hoton wani sarki ko ɗan fim a Commons, wanda ya kwafo daga Instagram, ya zaɓi wurin da ke cewa aikinsa ne don shi ne zaɓin da ya fi sauƙi, bayan kwana kaɗan ya dawo ya tarar an goge an bar masa jan gargaɗi a shafinsa. Masu koyar da aikin laburare da aikin jarida, da masu shirya bitar Wikipedia da gasar hotuna irin Wiki Loves Africa da aka fara a 2014, kusan abu ɗaya suke nanatawa, a bar ƙaramin hoton da injin bincike ya nuna a shiga ainihin shafin da yake, a karanta bayanin da ke ƙasansa. Can ne za a ga wa ya ɗauka, yaushe, a ina aka fara bugawa, da wane lasisi, wani lokaci da alamar C a cikin da'ira an ja mata layi, ma'ana ba mai riƙe da shi. In bayanin ya ce ba a san mai ɗauka ba kuma ba shekara, to hoton maraya ne, kuma maraya a doka ba na kowa ba ne, mai shi ne kawai ba a gano ba.

Dokar Najeriya ta bar wata ƙofa ta amfani bisa adalci don karatu da bincike da sharhi da ba da labari, don haka ɗalibin da ya sa hoto a asayimen ɗin da lakcara kaɗai zai gani ya kuma faɗi inda ya samo ba shi da abin tsoro. Lissafin na canzawa ne ranar da aikin ya koma littafin sayarwa ko kalanda ko bidiyon YouTube da ake samun kuɗi da shi. Akwai kuma bambanci tsakanin doka da ladabin ilimi, hoton Barth ba wanda zai kai ka kotu a kansa, amma in ka sa shi a kundin digiri ba ka faɗi tushensa ba satar fasaha ce a idon jami'a, kuma ka hana mai karatu hanyar gane cewa zanen 1851 ne ba hoton kyamara ba.

Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne wanda ke cikin hoto ba shi ne mai haƙƙinsa ba, mai ɗauka ne. Tsofaffin hotunan sallah da na biki da ke cikin akwatunan gidaje, masu hatimin sutudiyo a bayansu, a dokar yanzu asalin haƙƙin irinsu na mai sutudiyon ne, kodayake dokar 2022 ta ba wanda ya biya aka ɗauke shi don amfanin gida damar amfani da hoton ba don kasuwanci ba da ikon hana a yaɗa shi. Waɗanda aka ɗauka kafin tsakiyar shekarun 1970 yawancinsu shekara 50 ɗin ta riga ta cika, sai dai mafi yawansu ba a taɓa yi musu sikanin ba, haka ma ɗimbin takardu da hotunan da ke Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna sai mutum ya je da ƙafarsa, wannan ne ya sa in ɗalibi ya nemi tsohon hoton Katsina ko Sakkwato a intanet abin da ke fara fito masa shi ne wanda jami'in mulkin mallaka ko ɗan mishan ya ɗauka, da bayanin da shi ya ga damar rubutawa a ƙasa, sau da yawa ba ko sunan mutumin da ke tsaye a cikin hoton.