Simuleta na dabbobin daji: wasan da yunwa ce ke ba ka umarni

A duniyar wasannin kwamfuta da na waya akwai wani rukuni da ake kira simuleta na dabbobi. Ma'anarsa wasan da zai saka ka a jikin wata dabba, ya bar ka ka rayu yadda take rayuwa a dawa. Kai ne za ka nemi abinci da ruwa, ka kare yankinka daga wasu, ka sami abokin zama, ka reni 'ya'ya har su girma. Ba ka da bindiga, ba ka da bakin magana, kuma sau da yawa ba wani mugun sarki da za ka kashe a ƙarshe. Abin da ke tura ka gaba shi ne cikinka, da sanyi, da 'ya'yan da ke kuka a rami.

Ba kowane wasa mai dabba ne ya cancanci wannan suna ba, ko da an rubuta shi a jikinsa. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a zuciyarka ka cire dabbar, ka sa mutum a madadinta. In wasan ya ci gaba da tafiya ba abin da ya canza, to riga ce kawai aka sa wa jarumin. Stray na shekarar 2022 wasa ne mai kyau, kyanwarsa kuma tana tafiya kamar kyanwa, amma labari ne na wani birni da mutum-mutumi suka cika, kuma kyanwar ba ta mutuwa don ba ta ci ba. Maneater na 2020 kuwa kifin shak ne da ke cin komai har ya koma dodo mai sulke. Nishaɗi ne, amma ba rayuwar kifi ba ce. Haka yawancin wasannin waya masu sunan kyarkeci ko zaki suke: faɗa ne da tara maki, sai talla a tsakani.

Abin ya daɗe. A 1991 kamfanin Maxis ya fitar da SimAnt, na mai tsara wasanni Will Wright, inda kake jagorantar baƙaƙen tururuwa a farfajiyar wani gida, kuna gwabzawa da jajaye, kuna gudun gizo-gizo da injin yankan ciyawa. Kamfanin Sanctuary Woods ya biyo da Wolf a 1994, sai Lion a 1995.

Amma wanda ya fi nuna ma'anar wannan rukuni shi ne WolfQuest. Ya fara fitowa a 2007, haɗin gwiwar gidan namun daji na Minnesota da kamfanin Eduweb, da tallafin hukumar kimiyya ta ƙasar Amurka, don tun asali an yi shi ne domin koyarwa. An gina shi a kan gandun daji na Yellowstone da ke Amurka, inda aka dawo da kyarketai a 1995 bayan an ƙarar da su shekaru da dama kafin nan. Kana farawa a matsayin matashin kyarkeci da ya bar garkensu. Darasi na farko shi ne farauta ba ta da sauƙi. Babbar barewar nan mai rassan ƙaho da ake kira elk ta fi ka girma nesa ba kusa ba, kuma harbinta ɗaya zai iya raunata ka. Dole ka kori garken, ka lura da wadda ta fi rauni, ka cije ka saki, ka kula da ƙarfinka kada ya ƙare kafin nata. Sau da yawa za ka koma da yunwarka. A dawa ma haka abin yake, mafi yawan farautar kyarkeci ba ta yin nasara.

Wasan yana da wani maɓalli da ke juya allon zuwa duniyar hanci. Launuka su dushe, sai ƙamshi da wari su bayyana suna yawo a iska, kowanne da alamarsa: ga sawun elk, ga mushe, ga iyakar wani garke da bai kamata ka tsallaka ba. A ganina wannan dabarar ita ce zuciyar rukunin gaba ɗaya, domin dabba ba da ido kaɗai take sanin duniya ba, kuma mai wasa ba zai ji ya zama ita ba sai an canza masa hanyar da yake gane abubuwa. Bayan ka sami mata ko miji, ku nemi rami, a haifi 'ya'ya, daga nan hankalinka ya rabu biyu. In ka yi nisa neman nama, gaggafa ko beyar ko wani kyarkecin ya kawo farmaki. In ka zauna gadi, yunwa ta kama kowa. Abincin ma a ciki kake ɗauko shi, ka zo ka amayar musu, kamar yadda kyarketai ke yi. Sabon zubin wasan, Anniversary Edition, ya fito a Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, a 2019, kuma shi zan fara nuna wa duk mai son ya san abin da ake nufi.

Ga wanda ba ya son dogon koyo, akwai Shelter na kamfanin Might and Delight da ke Stockholm a ƙasar Suwidin, wanda ya fito a 2013. Uwa ce, irin dagen nan na ƙasashen Turai, da 'ya'yanta biyar. Babu rubutu, babu lissafin lafiya a gefen allo. Ɗan da yunwa ta kama, launinsa ne ke dusashewa, kai kuma ka yanke shawarar wanda za ka ba abin da ka tono. Akwai shaho a sama, akwai kogi mai ƙarfi, akwai gobarar daji. Ɗan da ya tafi ba ya dawowa, wasan kuma ba ya tsayawa ya yi maka jaje, sai dai ka ƙirga ka ga saura huɗu. Ana iya gama shi a zama ɗaya. Shelter 2 na 2015 ya ba ka wata kyanwar daji mai gajeren wutsiya da fili mai faɗi na farauta, kuma 'yar da ta rayu za ka iya ci gaba da ita a zagaye na gaba.

Endling: Extinction is Forever na 2022, daga kamfanin Herobeat Studios na Barcelona, ya ɗauki wannan salo na uwa da 'ya'ya ya kai shi duniyar da mutane suka lalata da shara da sare itatuwa. Uwar a nan yanyawa ce, ta ƙarshe a doron ƙasa. Ya fi karkata ga labari, kuma saƙonsa a fili yake, wani lokaci har ya yi yawa, amma fitar dare neman abinci da komawa rami kafin gari ya waye suna da nauyi na gaske.

Akwai kuma na gefe. Tokyo Jungle na 2012 a PlayStation 3 ya mai da birnin Tokyo daji bayan mutane sun ɓace, kana iya farawa da ɗan ƙaramin karen gida ko barewa. Abin dariya ne a ido, amma dokokinsa masu tsauri ne: dabbarka tana tsufa, in ba ka haihu ba kafin ta mutu, wasa ya ƙare. Ancestors: The Humankind Odyssey na 2019 ya mai da kai Afirka ta shekara miliyan 10 da suka wuce a jikin wani jinsin biri, kuma da gangan ba ya gaya maka abin da ake ci da wanda ke kisa.  The Isle kuwa na intanet ne, kowa dinaso ne, ka kwashe sa'o'i kana girma, wani ɗan wasa da ya fi ka girma ya cinye ka ka koma ƙarami.

Kafin ka saya ko ka sauke, duba abu biyu. Na farko, me ke faruwa in ba ka ci abinci ba. In amsar ita ce ba komai, ba simuleta ba ne. Na biyu, na'urarka: sabon WolfQuest da The Isle suna son kwamfuta mai ɗan ƙarfi, Shelter na farko kuwa tsohuwar laftof ma tana iya ɗaukarsa. Iyaye kuma su sani cewa kyawun zanen Shelter da Endling ba ya nufin na ƙananan yara ne, domin mutuwar 'ya'yan dabba tana cikin tsarin wasan.