Ma'anar "organik": ai piya-piya ma organik ne

Kwanan nan duk rediyon da ka kunna a Damagaram sai ka ji mai talla yana rantsuwa cewa kayansa "organik" ne, wai babu kemikal a ciki. Shekaranjiya a Kasuwar Dole wani yaro ya miƙo mini kwalbar man shafawa, ya ce, "Baba, wannan organik ne, ko jariri ka shafa wa." Na tambaye shi me kalmar ke nufi, ya ce abin da ba ya cutarwa. Raina ya sosu.

A wajen masana sinadarai, organik na nufin abin da aka gina shi a kan kabon, wato sinadarin da ke cikin gawayi, shi ke nan. Da can Turawa sun ɗauka jikin mai rai ne kaɗai ke iya ƙera irinsa, sai a 1828 Bajamushe Friedrich Wöhler ya haɗa yuriya a ɗakin gwaji, abin da a fitsari aka san shi. Yuriyar nan ita ce farin takin zamani da masu lambu a Mirriya ke barbaɗawa, wanda masu tallan suke zagi da sunan kemikal. To, a harshen kimiyya organik ne tsantsa.

Idan kabon ya riƙe ƙarfe kai tsaye, sai a ce organometalik. Sinadarin silikon ba cikakken ƙarfe ba ne, na fosforas ko kusa, amma wasu kan jera su kusa da wannan babi saboda yadda suke kama kabon. Charles Friedel da James Crafts ne suka fara liƙa kabon da silikon a 1863, jikokin aikinsu su ne danƙon da magina ke toshe bakin gilashi da shi. 

Ɓangaren fosforas ne ke ba ni tsoro. Piya-piya da ake yayyafa wa buhun wake don ƙwari, shi ma organik ne: sinadarinsa daga dangin organofosfat yake, wato masu kabon da fosforas, dangin da Gerhard Schrader ya yi aiki a kansu a Jamus a shekarun 1930, inda gubar yaƙi sarin ta fito. Yana hana jijiya hutawa: yawu ya dinga dalala, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya sarƙe. Na taɓa tsayawa a bakin shagon wani dillalin wake, warin ya sa ni tari har da hawaye, shi kuwa yana zaune a kan buhun yana cin ƙosai.