Brendon Grimshaw

Brendon Grimshaw (1925–2012) ɗan jarida ne ɗan Ingila wanda ya raya tsibirin Moyenne na ƙasar Seychelles, a Tekun Indiya. An haife shi a Dewsbury ta yankin Yorkshire, ya yi aikin editan jarida a Gabashin Afirka, kuma a 1962 ya sayi Moyenne kan fam 8,000. Shi ba masanin tsirrai ko na tarihi ba ne. A bakin aiki ya koya.

Tsibirin ƙarami ne, bai cika hekta 10 ba, yana kusa da Mahé, babban tsibirin ƙasar. Lokacin da ya saye shi ya yi kusan shekara 50 ba kowa, sarƙaƙiya ta rufe shi, ɓeraye sun yi yawa. Shi da René Antoine Lafortune, wani ɗan ƙasar, suka sassabe kurmin da adda, suka fitar da hanyoyin ƙafa na kusan kilomita 5, suka dasa itatuwa kimanin 16,000 da hannu, ciki har da mahogani, ɗan'uwan maɗaci. Tsuntsayen da ya fara kawowa daga wani tsibiri na kusa komawa gida suka yi. Ba su zauna ba sai da itatuwa suka yi 'ya'ya, ana kuma ajiye musu abinci. Ya kawo manyan kunkuran Aldabra, waɗanda namijinsu kan kai kilo 250, har suka haura 100.

Ya bi diddigin waɗanda suka riga shi zama, irin su Emma Wardlow Best, Baturiyar da ta tara karnukan da ba su da masu su a tsibirin. A cikin ciyayi ya tarar da kaburbura biyu marasa suna, waɗanda ake dangantawa da 'yan fashin teku. Ya yi haƙa yana neman dukiyar da ake cewa sun binne, bai samu ba. Labarin yana cikin littafinsa, A Grain of Sand, na 1996.

Attajirai sun taya tsibirin da kuɗi masu yawa, ya ƙi sayarwa, don gudun kada a share dajin a gina otal. Bayan rasuwar Lafortune a 2007 aka mai da Moyenne gandun ƙasa, wato wurin da doka ta kare. Grimshaw ya mutu a Yulin 2012, aka binne shi a tsibirin kusa da kabarin mahaifinsa.