Waiwaye: Yadda gidan silima ya bar unguwa a Legas

Duk wanda ya taɓa hawa mota zuwa Agege ya ji kwandasta yana ƙwala kiran "Pen Cinema". Yaran Zangon Agege na yanzu sun san wurin da gadar sama da aka buɗe a 2021, da cunkoson mota da 'yan talla. Silimar da ta ba wurin suna kuwa ta daɗe da mutuwa. Ba ita kaɗai ba ce. Casino ta Yaba, Rainbow ta wajen Mushin, Danjuma ta nan Agege, duk sun zama labari.

Abin ya faro ne a watan Agustan 1903, lokacin da aka fara haska majigi a zauren Glover Memorial Hall, bisa gayyatar da Herbert Macaulay ya yi wa wani kamfanin ƙasar Sifen mai suna Balboa. Daga shekarun 1930 aka shiga gina gidajen kallo na dindindin, akasarinsu a hannun Kwarori da Indiyawa. Kamfanin West African Pictures shi ke da Rex ta Ebute Metta da Regal da Royal.

Abin da ya kamata a riƙe game da waɗannan gidaje shi ne a cikin unguwa suke, kuma na talaka ne. Ɗan dako ya tashi daga kasuwar goro, ya yi wanka, ya taka da ƙafa ya je. Ana manna hoton fim a bango tun da rana, masu gyaɗa da rake suna bakin ƙofa, kujerar gaba mai arha, ta baya mai tsada. In fim ya tsinke ana tsakiyar dambe, ihu da fito ne za su tashi a kan mai majigi har sai ya haɗa. Hausawan Agege da Idi-Araba, kamar 'yan uwansu na Kano, sun fi karkata ga finafinan Indiya. Ba a jin yaren, amma ana gane uban da ya hana 'yarsa wanda take so, ana kuma haddace waƙar. Ba kowa ke alfahari da zuwa ba, gaskiya. A wurin dattawa da malamai silima matattarar 'yan iska ce, saurayi da yawa a ɓoye yake zuwa.

A 1972 gwamnatin Janar Gowon ta kafa dokar mayar da wasu harkokin kasuwanci hannun 'yan ƙasa, gidajen silima suna ciki. Kuɗin mai ya shigo, aka kammala babban gidan wasa na ƙasa a Iganmu a 1976 domin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya na 1977, finafinan Yarabawa irin na Hubert Ogunde suka riƙa cika zaure.

Daga nan al'amari ya juya. Bayan 1986 tsarin gyaran tattalin arziki na SAP ya karya darajar naira, kuma da kuɗin waje ake sayo fim, a wanke shi, a sayo kayan gyaran majigi. Fashi da makami ya sa mutane suka daina fitar dare. Sai ga bidiyo: fim ɗin Living in Bondage ya fito a 1992, 'yan kasuwar Idumota da Alaba suka cika gari da kaset. Wa zai biya kuɗin ƙofa alhali da kaset ɗaya gida duka zai kalla? Gine-ginen suka koma coci-coci, shaguna da ma'ajiyar kaya.

Silima ta dawo a 2004, da Ben Murray-Bruce ya buɗe Silverbird Galleria a Victoria Island. Genesis ta biyo baya, Filmhouse ta zo a 2012, ta buɗe allon IMAX a Lekki a 2016. Ta fuskar kuɗi an ci nasara: fim ɗin Funke Akindele na ƙarshen 2023, A Tribe Called Judah, ya haura naira biliyan 1 a gidajen kallo.

Sai dai ni ban yarda a ce tsohon abu ne ya farfaɗo ba. Sabbin gidajen suna cikin manyan kantuna masu na'urar sanyaya ɗaki, tikitinsu dubban nairori ne, ban da kuɗin mota da gugguru. Mai gadin da ke ƙofar wani gida a Lekki, ko mai shayi a Agege, ba da shi aka yi lissafin ba, fim ɗin Hausa kuma da wuya ka gan shi a jerin abin da za a haska. Shi yanzu kallonsa a waya yake, ko tashar Arewa24, in kuma taron jama'a yake so, ya biya kuɗi kaɗan ya shiga gidan kallon ƙwallo na bayan layi.