Ƙurar Hunturu a Cikin Kwamfuta: Tambayoyi da Amsoshi daga Damagaram

Duk wanda ya yi hunturu a Zinder ya san yadda ake share ɗaki da safe, kafin azahar a iya rubuta suna da yatsa a kan tebur. Ƙurar da ke kwanciya a teburin ita ce ke shiga cikin kwamfutar gida, wadda muke ce wa ordinater, sai dai can ciki ba mai ganinta. Ga tambayoyin da ƴan uwa da maƙwabta suka fi yi mini a kai.

Malam, akwatin a rufe yake, ta ina ƙura ke shiga?

Fankokin ciki ne ke jawo ta. Aikinsu su zuƙo iska daga waje, su bi da ita ta kan kayan da ke ɗaukar zafi, su fitar ta baya. Mafi zafi a ciki shi ne furosesa, ƙwaƙwalwar na'urar. A kanta akwai wani ƙarfe mai tsagi-tsagi kamar haƙoran mataji, shi ke janye zafin, fanka kuma tana hura masa iska. Idan ƙura ta cike tsagin nan sai ta danƙare kamar auduga, iska ta rasa hanya. Ka ɗauka mutum ne aka lulluɓe da bargo a tsakar rana.

Yaya zan gane lokaci ya yi?

Kunnenka zai fara gaya maka: fanka na gurnani alhali ba wani aiki mai nauyi kake yi ba. Daga nan sai nawa, domin idan zafin furosesa ya kusa digiri 90 zuwa 100, da kanta take rage gudu. In abin ya wuce haka ta mutu ba sallama. Mutane da yawa sukan ɗauka birus ne, wato cutar kwamfuta, su kashe kuɗi a goge musu komai a sake zubawa, alhali ƙura ce kawai.

Sau nawa a shekara?

A gari irin namu, duk wata 3 bai yi yawa ba. In kuwa sau ɗaya za ka iya, to ka yi shi ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris. Nan ne abin da na fi so a riƙe. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas tana ɗebo ƙura daga Sahara tana zuba mana, amma sanyin lokacin yana rufa wa kwamfutar asiri. Sai Afrilu da Mayu, da zafi ya haura digiri 40 a inuwa, sannan ta fara shan wahala. Hunturu ke cika ta, bazara ke kashe ta. Na taɓa buɗe ta ƙanena a irin wannan lokaci, ya zo hankali tashe don takardun karatunsa na jami'a duk suna ciki. Da yatsu biyu na zaro ƙurar a dunƙule, ja-ja, haɗe da zaren tsumma da yanar gizo. Muna kunnawa ta tashi shiru kamar sabuwa.

Zan iya kai ta wajen masu faci su hure mini?

Ban ba ka shawara ba. Iskar injinsu ta yi ƙarfi da yawa, kuma sau da yawa tana fitowa da ɗigon ruwa ko mai. Hurawa da baki ma haka, akwai yawu, ga ƙurar ta dawo maka ido da maƙogwaro. Nemi ƙaramin injin hura iska irin na masu gyaran lantarki, ko gwangwanin iska, da sabon burushin fenti mai laushi wanda bai taɓa shiga fenti ba, da busasshen tsumma.

To, yaya ake yi?

Kashe ta, ka zare wayar daga bango gaba ɗaya. Kada ka ce ai an ɗauke wuta, domin tana iya dawowa hannunka na ciki. Danna maɓallin kunnawa ka riƙe kamar daƙiƙa 10 don ragowar wutar ta fita. Ɗauki hoton bayanta da wayarka kafin ka cire igiyoyi, zai taimake ka wajen mayarwa.

Fitar da ita tsakar gida, inda ba iska ba yashi, ka rufe hanci. Kwance kusoshi biyun da ke baya, murfin gefe zai zame. Kafin ka taɓa komai, dafa ƙarfen akwatin. Ka san tartsatsin da riga ke yi da dare a hunturu in an tuɓe ta? Irin wannan wutar da ke taruwa a jiki tana iya lalata kayan ciki, kuma bushewar iskarmu na ƙara ta.

Hura kaɗan-kaɗan, daga ɗan nesa. Dafe fanka da yatsa kafin ka hura mata. In ka bar ta tana juyawa da ƙarfin iska, gindinta na iya lalacewa ta koma ƙara. Abin da ya manne a fikafikanta ka bi shi da burushi.

Akwai inda ba a taɓawa?

Ƙaramin akwatin da ke ciki, wanda wayar wuta ke shiga, kada ka buɗe shi ko kusa. Yana riƙe wuta mai haɗari ko bayan an cire shi daga bango; hura ta ramukansa ya isa. Ƙarfen kan furosesa ma bar shi a wurinsa, don akwai wani man shafawa a tsakaninsu da sai an sake sabo in an ɗaga. Ruwa, fetur da kananzir kuwa ba su da wuri a ciki. Allon kallo da madannai, ɗan jiƙa tsumma ka matse sosai ka goge, ba a fesa musu komai kai tsaye.

Yaya, ni kullum ina lulluɓe tawa da zane. Ya isa?

Kin kyauta, ƙanwata, amma sai tana kashe ta huce. Lulluɓe ta tana aiki toshe mata numfashi ne. Ki kuma ɗaga ta daga ƙasa zuwa kan tebur, nesa da taga, ki bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakaninta da bango. In za a yi shara a yayyafa ruwa tukuna, a kuma kashe ta sai ƙurar ta kwanta.