Iyakar Kalmomi a Gasar Hikayata: Babu Rangwamen Kashi Goma

Duk shekarar da BBC Hausa ta buɗe gasar Hikayata, wadda aka faro a 2016 domin mata marubuta, sai maganganu su cika zaurukan WhatsApp. Wata ta ce ana yafe kashi goma cikin ɗari idan an zarce, wata ta ce alƙalai ba su da lokacin ƙirga, labari dai ya yi daɗi. Irin wannan magana tana iya jawo wa marubuciya asarar wahalarta.

Sharaɗin da aka saba sanarwa shi ne labari ya kasance tsakanin kalma 1,000 zuwa 1,500. Iyaka biyu ke nan. Mai 940 ta saɓa, mai 1,560 ma ta saɓa. Rangwamen kashi goman nan al'adar wasu jami'o'i ce a aikin ɗalibai, ita kuwa gasa abin da ta rubuta shi ne dokarta. Ƙirgar ma ba ta jiran alƙali, kwamfuta ce ke yi cikin ƙiftawar ido. Labarin da ya saɓa sharaɗi ya ba da hujjar ajiye shi tun kafin a ji daɗinsa.

Inda aka fi ruɗewa shi ne yadda ake ƙirgar. A Microsoft Word, duk abin da tazara ta raba da maƙwabcinsa kalma ce. "A", "da", "ta", kowacce ɗaya ce cur, yayin da "sannu-sannu" mai karan-ɗori take zama guda. Daga nan ne wasu suka ɗauko dabarar haɗe kalmomi, su rubuta "shine" a madadin "shi ne", ko "bata zo ba" a madadin "ba ta zo ba". Lamba za ta sauka, gaskiya ne, amma an karya ƙa'idar rubutu a gasar da ke neman daidaitacciyar Hausa. An gudu ba a tsira ba. Masu raba "yana" ta koma "ya na" kuwa, su suke kumbura lambarsu da hannunsu.

Taken labarin fa? Idan sanarwar shekarar ba ta cire shi ƙarara ba, ki ɗauka yana ciki. Ki tsaya wajen 1,450, domin manhajoji kan ɗan bambanta a lissafi.

Na san masu cewa 1,500 ta yi kaɗan, musamman waɗanda suka saba sakin littafi shafi-shafi a intanet. Ni ban ga zalunci a nan ba. Ana karanta zaɓaɓɓun labaran a rediyo, kuma ma'auni ɗaya aka ba kowa. Wadda nake tausaya wa ita ce mai rubutu a ƙaramar waya, a manhajar da ba ta ƙirga komai. 'Yar'uwa, ki fara gyara rabon kalmominki, sannan ki kwafa labarin zuwa Google Docs ko WPS Office ki duba lambar kafin ki tura.